Bargon Ƙyallaye Mai Tafiya Agadas

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Daga Arzika maɗinki, mazaunin Tama, zuwa ga ɗiyata Uwani. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah wagga takarda ta ishe ki lafiya, ke da maigidanki. Allah shi tsare ku bisa hanya, shi raba ku da ƙishirwa da ɓatan kai da mugun gamo, shi sauke ku Agadas cikin aminci. Amin.

Bayan haka, ran da kinka zo sallama kinka durƙusa bakin tabarmata, kin ga ban ɗaga kai daga wuyan rigar da nike ɗinki ba. Na ce miki Allah shi kiyaye hanya, ban ƙara ba. Kada ki zaci ba ni da abin faɗi. Akwai maganar da uba ba ya iya yi gaban ɗiyarshi, balle ke da kike ɗauke da sunan mahaifiyata. Shi ya sa na ɗauko tawada da ɗan ajamin da na tsira da shi. In kun sauka, ki nemi malami dattijo mai riƙon baki shi karanta miki.

Abin da takardar ke naɗe ciki, ɗan bargo ne. Ba naki ba ne. Na baƙon da ke tafe ne. Ba wanda ya gaya mini, amma mutumin da ya tsufa shina auna jikin mutane da ido ba a ɓoye mishi irin wannan. Tsahara, matar wana, babanki Nomau, ita ta tura ƙunshin ƙarƙashin ƙorenki. Na san za ki yi mamakin jin sunanta a bakina. Ki yi haƙuri, zan zo kanta.

Asalin abin, ran kasuwar Bangi ne. Na gamu da Agali, Buzun nan mai tumaki da ke sauka bayan garkarmu, lambun albasa, da rani, wanda ke kawo miki cuku kina ƙarama. Ya yi zaman Agadas da ƙuruciyarshi. Na ce mishi surukina ya dawo daga soja, an ba shi aikin gardi can, ɗan sandan Bature mai jar hula, kuma da iyalinshi zai tafi. Ya dube ni ya ce, "Yarinyar ita kaɗai take?"

Na ce, "A'a. Da juna biyu take, ina zaton tsakiyar ɗari za ta sauka."

Ya girgiza kai ya ce, "Arzika, ɗarin Tama wasa ne. Can ruwa kan kwana cikin ƙwarya, da safe ka ishe shi ya daskare. Babba ma shina jin jiki, balle jinjiri. Ku nema mishi abin rufa mai kauri."

Na hau jakina na dawo, ban san sa'ad da na ƙetare fadama ba. Bisa al'ada gida ya kamata ki zo ki haihu, innarki ta dafa miki ruwan wanka, ta dama miki kunun kanwa. To, innarki tana ƙasa, gidana ba mace, hanyar kuma ba ta kai da komo ba ce. Na duba abin da ya rage hannuna da zan iya yi miki, na ga allura ce kaɗai.

Kin san halin da ake ciki tun da yaƙin Turawa ya tashi. Yadi ya ɓace daga kantunan Madawa. Da idona na ga dattijo ya shigo kasuwa sanye da buhu. Likkafani ma sai an yi yawon nema. Ni da nike ɗinka manyan riguna, aikina ya koma maho da juya tsofaffi. Sai na tuna adudun innarki, kwandon nan mai murfi da ke ƙarƙashin gado, wanda ban taɓa buɗewa ba tun da ta rasu.

Na jawo shi tsakar gida na buɗe. Cike yake da ƙyallaye. Guntun saƙi, guntun akoko, bakin barage, shafin riga, yankan atamfa da bai kai tafin hannu ba. Kowanne an wanke shi, an miƙe shi, an ninke. Na zauna ina duban su har inuwa ta bar ni.

Ga abin da ya faru game da su. Shekarunta na ƙarshe, innarki ta ɗauki wani hali: in na tashi daga ɗinki, sai ta zo ta tsince abin da almakashi ya zubar. Ran nan abokaina na zaune a zaure ta aiko ki ki kwaso mata. Na yi dariya, na ɗaga murya yadda za ta ji daga ciki, na ce, "Ku ga matar maɗinki, tsince-tsince sai ka ce kaza." Sunka yi dariya. Daga ran nan ban sake ganin ta tsinta ba, amma kullum na dawo masallaci sai in ishe wurin a share. Na ɗauka rowa ce ta mata. Ban taɓa cewa, wance, mi za ki yi da su ba.

Uwani, in kinka ga wani na gidanki ya nace ma wani ɗan abu da ba ki gane kanshi ba, kada ki yi dariya, ko da ku biyu ne, balle gaban baƙi. Ki tambaye shi. Maigidanki ya dawo daga inda ni da ke ba mu sani ba. Na lura ba ya zama ya ba ƙofa baya, kuma ba ya son a tashe shi da taɓi. Kada ki mai da wannan abin hira wurin mata. Ki bari sai ranshi ya yi sanyi, ki tambaya a hankali, in ya ƙi faɗi ki ƙyale shi har wata rana.

Na fara aiki. Na ce a raina wanda ya ɗinka rigar sarakai ba ɗan bargo ne zai gagare shi ba, sai ga shi ya kusa gagara ta. Na haɗa wani baƙi mai shuni da fari saboda sun yi kyau ga ido, da na jiƙa in gwada, farin duk ya rine. Na warware. Na haɗa tsohon ƙyalle da mai sauran ƙarfi, da na ja sai tsohon ya yage bakin ɗinki. Na sake warwarewa, na ware masu ƙarfi gefe, na sa raunana tsakiya inda ba a ja. Idona ma ya rage, sai na fita rana kafin in sami kafar allura. A da ke ce mai sa mini zare. Sau da yawa na miƙa hannu baya da allurar, sa'an nan in tuna kina gidan miji.

Da fuska biyu na bargon sunka haɗu, sai na tsaya. Bargo ba ya ɗumi sai da auduga ciki. Ina da audugar garka cikin buhu, amma da ƙwayarta. Gurza da shiɓa aikin mata ne, ban taɓa riƙa magurji ba. Na gwada cire ƙwayar da yatsa, na yini ban cika ƙoƙo ba. Duk unguwarmu kuwa kowa ya san ba mai shiɓa kamar Tsahara.

Ke kin taso kin ishe darnin kara a rufe tsakanin gidanmu da na babanki Nomau, wataƙila kin manta da can akwai ƙofa. Akwai. Ni na toshe ta. Bayan an yi bakwai ɗin innarki, Tsahara ta shigo ta wannan ƙofa ta ce mini, "Arzika, ba ni yarinyar nan in haɗa da nawa. Ga gida ga gida. Da safe ta zo ta gaishe ka, da dare ta kawo maka tuwo. Ɗiya mace ba ta tashi hannun namiji shi kaɗai."

Na ce, "Wato kun zauna kun gama, ni ban isa in riƙe ɗiyata ba?"

Wana Nomau ya leƙo ya ce, "Ba haka take nufi ba, kai ma ka sani."

Na ce, "Kowa shi riƙe nashi." Ran nan na kwaso kara na toshe ƙofar, na ɗaure da igiya. Ni da Nomau muna haɗuwa masallaci, mu yi sahu ɗaya, mu gaisa gaisuwar baƙi, kowa shi kama gabanshi. Haka shekaru sunka yi ta wucewa.

Na gaya ma kaina don ke na yi. Ba don ke ba ne. Tsoron ɗaki ba motsin kowa nike ji. Ke kinka biya. Na sha ganin ki tsaye jikin darnin nan kina leƙen yadda Tsahara ke tuƙa tuwo, ki dawo ki gwada, ki ƙone hannu ki ɓoye mini. Da girma ya zo miki ba ki da macen da za ki tambaya komi. Na gani, na kau da kai.

Don haka, in wani ya miƙo miki hannu sa'ad da kike cikin wuya, kada ki tsaya neman raini cikin maganarshi. Ki karɓa, ki gode. Kuma abin da Allah zai ba ki, ki bar shi shi shiga gidajen mutane, shi ci tuwonsu, a yi mishi faɗa, a goya shi. Kada ki riƙe shi don shi ɗebe miki kewa. Da maigidanki ya zo ya ce zai tafi da ke, bakina ya kusa cewa shi bar ki nan har ki haihu. Na haɗiye. Na san ba don ke zan faɗa ba.

To, na ɗauki buhun auduga da abin da na ɗinka, na zagaya ta waje, na yi sallama ƙofar gidan wana da hantsi. Nomau ya tafi garka. Tsahara ta fito da muciya a hannu, ta tsaya tana duba na. Ta tsufa, Uwani. Ina jin muryarta kullum ta bayan darni, ban san kanta ya yi fari haka ba.

Ta ce, "Lafiya? Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba kowa. Auduga na kawo a shiɓe mini."

Ta ce, "Aure za ka yi, ka rasa katifa?"

Sai na buɗe abin da na ɗinka na miƙa mata. Ta aje muciyar ta karɓa. Ta bi ƙyallayen da yatsa, ta tsaya ga wani ja mai ɗigon fari. Sai ta zauna bisa turmi, ta rufe fuska da shi.

Da ta ɗago kai ta ce, "Adudun Hajo ka buɗe." Sunan innarki ke nan, wanda ban ji a bakin kowa ba tun ba yau ba. Ta ce, "Ka san abin da take tara su dominshi?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Ran da Sani ya cika, ni da ita ne cikin ɗaki. Sanyi na shigowa ta ko'ina. Ba abin rufa sai zanenta ɗaya. Ta kwance ta naɗe shi, ita ta zauna da ɗan bante, tana rawar ɗari. Bayan an binne shi ta ce mini, in Allah ya sake ba ta wani, ko ya nuna mata na Uwani, ba jinjirin da zai sake kwana da sanyi gidanta. Ta ce za ta tara ta kai maka ka ɗinka, tana jiran ranar da za ta ga fuskarka a sake."

Sani ƙanenki ne. Ba ki tuna shi, kina ƙarama sosai. Shekarar da fara ta cinye gero tun shina tsaye, na bar ku da ɗan abin da ya rage a rumbu na tafi Sakkwato neman ɗinki, innarki da tsohon ciki. Na ce mata ba zan daɗe ba. Can na ishe maɗinka sun fi masu ba da aiki yawa. Na yi ta zama zauren wani ina cin abin da ya samu. Mutanen ƙasarmu ta Adar na zuwa suna komawa, masu jakai da masu kanwa. In na hango wanda ya san ni sai in kauce, don kada shi zo gida shi ce ya gan ni hannu wofi. Na ce sai na tara abin da zan shigo gari da shi kaina a sama. Na dawo gab da shuka, da turmin atamfa da ɗan kunne. An haife shi, an raɗa mishi suna, ya yi tari, an binne shi, duk ban sani ba. Ban taɓa ganin fuskarshi ba. Innarki ta karɓi atamfar ta ce an gode. Jan nan mai ɗigon fari, guntunta ne.

Da na aiko ko da gaisuwa, da ta san inda za a neme ni. Da na dawo da hannuna biyu kawai, da na sari itace na hura musu wuta.

Wagga ita ce maganar da na fi so ki riƙe. Ki aiko da labari. Kada ki jira sai kin sami tsaraba, kada ki jira sai abubuwa sun gyaru. Masu raƙuma na saukowa Tawa, daga Tawa ba a rasa mai zuwa Keita ko Buza, daga nan kowa ya san Arzika maɗinki. In daɗi ne ki aiko, in wuya ce ki aiko. Wanda ke jira ba kaya yake jira ba. Ban san haka ba sai yanzu da na zama mai jiran.

Tsahara ta gurje audugar, ta shiɓe ta har ta yi laushi kamar kumfar madara. Ita ta nuna mini yadda zan shimfiɗa ta sirara-sirara, in bi da ɗinki kusa da kusa don kada ta dunƙule wurin wanki. Nan tsakar gidansu na yi wannan aiki, jikokinta na sa mini zare. Ran da nike kalmasa baki, Nomau ya dawo daga ban ruwan albasa ya ishe ni. Ya tsaya. Na gaishe shi, ya amsa. Ya duba ya ga gefe ɗaya bai kai ba, ƙyallayen sun ƙare. Ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar rigar saƙin babanmu, wadda ya gada, ya jefo mini bisa cinya ya ce, "Yanka daga ƙasa, nan ne bai ci ba." Shi ke nan abin da ya faɗa. Shuɗin nan da ya zagaye bakin bargon, ita ce.

Ba zan yi miki ƙarya in ce komi ya koma yadda yake ba. Washegari na kwance karan na buɗe ƙofar darni. Tsahara kan aiko da tuwo, yara kan shigo su fita. Amma ni da wana mun saba da shiru, in munka zauna ba mu san inda za mu kama zance ba. In magariba ta yi kowa ya shige nashi, ni da fitila ne da turminki da ke jingine inda kinka bar shi. Abin da mutum ya toshe da hannunshi shekara da shekaru, ko ya buɗe, ba duka ke dawowa ba. Shi ya sa nike gaya miki tun da sauran lokaci.

In kun sauka, kada ki zauna ɗaki kina jiran a zo gaishe ki. Matar gardi ce ke yanzu. Mutane za su yi miki fara'a bisa hanya, su rage murya in kin wuce. Wannan ba so ba ne, tsoron jar hula ne. Ke za ki fara zuwa. Ki ɗauki ɗan gero ko albasar gida ki shiga gidan maƙwabta, ki durƙusa ma tsofaffi. In an kawo miki abu don ki sa baki wurin maigidanki, ki mayar da shi da magana mai daɗi. Kuma tun kafin nauyi shi kama ki, ki nemi tsohuwa guda mai hankali, ko Bahausa ko Buzuwa, ki ce mata, "Inna, ba ni da uwa garin nan." Ba macen kirki da za ta ji wannan ta juya baya. Ita za ta tsaya miki ran haihuwa, ita za ta dafa ruwan wanka. Ki yi mata biyayyar da ba ki sami yi ma taki ba.

Bargon kuma, kada ki adana shi cikin akwati don na baba ne. Ki shimfiɗa, ki rufa, shi yi fitsari bisa, shi yi tumbuɗi. Ki wanke da ruwan sanyi, kada ki murɗe shi da ƙarfi, ki shanya a inuwa. In ya yage ki yi mishi maho da abin da kinka samu can. Ɗinkin gefen hagu ya ɗan karkace, ran nan idona ne ke ruwa, na bar shi haka.

Saura roƙo ɗaya. In kin sauka lafiya, an yi suna, ki ɗauki zare ki auna shi daga kafaɗa zuwa gwiwa, ki ƙulla. Ki zagaya ƙirjinshi, ki sake ƙullawa. Ki ba duk mai zuwa wajenmu. Ba sai an rubuta komi ba, ni na iya karatun zare. In ya iso hannuna na san kuna raye, na san girmanshi, kuma na sami aikin da zan tashi dominshi da safe. Akwai sauran rigar kakanki da ta isa 'yar taguwa.

Na yafe miki duniya da lahira, ban ma san abin da kinka yi mini ba sai alheri. Ke ma ki yafe mini. Ki gai da maigidanki, ki ce na ba shi amana. Tsahara na gaishe ki. Babanki Nomau bai ce in gaishe ki ba, amma ya tambaye ni ko raƙuman da za ku bi na kirki ne.

Allah shi raba ku lafiya, shi raya abin da za ki samu bisa tafarkin Annabi. Allah shi haɗa ki da mutanen kirki inda ba ki san kowa ba. Allah shi jiƙan innarki da ƙanenki. In da rabon mu gana, Allah shi nuna mana. In babu, shi haɗa mu inda ba a rabuwa. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Arzika.